Zangon Kwatano: Masaukin Kwana Ɗaya da Ya Zama Gida

Sunan Kwatano ba baƙo ba ne a kunnen mutanen ƙasar Hausa. In mutum ya sayi motar da aka riga aka hau a Turai, sai a ce ya sayi 'yar Kwatano. Shinkafa da atamfa da gwanjo masu yawa da suka cika kasuwannin Kano da Katsina da Maraɗi, ta can suka biyo. Amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tambaya ko su wane ne suka yi dakon kayan nan, suka yi gadinsu da dare, suka ɗora su a mota, balle a tambayi inda suke kwana. A tsakiyar Kwatano, wato birnin da Faransawa suke rubutawa Cotonou, cibiyar kasuwancin Jamhuriyar Benin, akwai wata unguwa kusa da tashar jirgin ƙasa da ake kira Zongo. Tarihin wannan unguwa da na talakawan da suka zauna a cikinta za mu duba.

Kalmar kanta tamu ce. Zango shi ne wurin da ayari yake sauka bayan tafiyar yini, a sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana, da asuba a ɗaura a wuce. Mutanen kudu suka juya ta a bakinsu ta zama zongo, suka sa wa kowace unguwa ta baƙin da suka fito daga arewa. Akwai Zongo a Kumashi, da Akra, da Lome, da Paraku. Abin lura shi ne, a wurin da aka raɗa wa sunan masaukin kwana ɗaya mutane sun haihu, sun ga jikoki, sun mutu an binne su, duk da haka zaman da yawa daga cikinsu bai daina kama da na mai wucewa ba. Ɗakin da suke kwana na wani ne, wurin sana'arsu da yardar wani suke zaune, hanyar da abincinsu yake biyowa kuwa wani yana iya rufe ta a dare ɗaya.

Kafin a yi birnin

Tun kafin zuwan Turawa fataken Hausa sun san ƙasar da ake kira Benin yanzu, gama hanyar Gwanja ta nan ta bi. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa da turkuɗi da jemammun fatu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku da Jugu, ya nufi Salaga sayen goro. Zuwa da dawowa sukan ci watanni da yawa. A 1826 Baturen Ingila Hugh Clapperton ya iske irin wannan ayari a Kayama yana komowa gida, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000.

A kowane babban gari na kan hanya akwai mai masauki. Shi ne yake ba madugu da mutanensa ɗaki, ya ajiye musu kaya, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu a gaban sarkin gari. Ba ya karɓar kuɗin kwana. Ribarsa tana cikin la'adar cinikin da aka ƙulla a gidansa. Mai karatu ya riƙe wannan tsari a ransa, domin shi ne ya bi baƙi har bakin teku.

Bayan da Ingilishi suka ci Kumashi da yaƙi a 1874, kasuwar Salaga ta fara ja da baya, goro mai yawa ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Fatake suka bi kasuwa, suka gangara kudu. A can suka iske wasu Musulmi sun riga su. Akwai Yarbawa, akwai kuma bayin da suka 'yantu suka komo daga Bahiya ta ƙasar Brazil, musamman bayan tawayen 1835, suka zauna a Wida da Porto-Novo. A cikin bayin Bahiya kuwa an yi Hausawa da dama.

Birni a kan rairayi

Kwatano ba tsohon gari ba ne. A zamanin Gezo, sarkin Dahome da ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ƙaramin wuri ne a bakin teku, masunta suna kewaye da shi. Da harshen Fon sunansa Kutonu, wato bakin kogin mutuwa. Faransawa suka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1868 da 1878, zamanin sarki Glele, suka ce an ba su wurin. A 1885 suka haƙa mashigi tsakanin tafkin Nokuwe da teku, wanda ya raba garin biyu har yau. Sarki Behanzin bai yarda an ba da Kwatano ba, aka gwabza a 1890, aka sake daga 1892 zuwa 1894, Dahome ta faɗi. A cikin rundunar Kanar Dodds da ta ci ƙasar akwai sojojin da Faransawa suka kira Hausawa, ko da yake ba dukansu ne Hausawa ba. A bakin teku a wancan lokaci, in kai Musulmi ne daga arewa, ko kana jin Hausa, sunanka Bahaushe.

Abu biyu suka mai da ƙauyen birni. Na fari, gaɓar tekun nan ba ta da wurin da jirgi zai matso, igiyar ruwa kuwa tana kifar da kwalekwale. Saboda haka a 1891 aka fara gina doguwar gadar ƙarfe da ta shiga cikin teku. Manyan jirage suna tsayawa nesa, ƙananan jirage suna jigila tsakaninsu da gadar. Na biyu, a 1900 aka fara shimfiɗa layin dogo zuwa arewa. Ya kai Paraku a 1936, tafiyar kilomita 438, a nan kuwa ya tsaya, bai kai Kwara ba. Manja da ƙwarar kwakwa da auduga suna gangarowa, gishiri da yadi da kananzir suna hawa. Duk wannan kaya sai an ɗauka, an tsare, an yi dillancinsa. Inda jirgin arewa yake tsayawa, nan mutanen arewa suke sauka, a nan kuma Zongo ta yi girma.

Abin da ya kawo su

Ba wanda yake barin gida haka kawai. Mulkin Faransa ya ɗora harajin kai da ake biya da kuɗi, a ƙasashen da manomi yake da gero amma ba shi da kuɗi. Ya kuma ɗora aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a watan Afrilu 1946. Ga kuma yunwa: an yi Kakalaba a 1913 zuwa 1914, an yi wata mai tsanani a ƙasar Zabarma a 1931. Saurayi a Adar ko Arewa ko Doso, in ya gama girbi, sai ya ɗauki sanda da buta ya tafi cin rani domin ya samo kuɗin haraji da na aure. Mafi yawa Gwalkwas da Nijeriya suka nufa, inda kuɗi ya fi yawa, amma hanyar Gaya zuwa Paraku ma ta sha mutane.

Wani dalili kuma shi ne nama. Ƙudan tsando ba ya barin manyan shanun arewa su daɗe a kudu, don haka garuruwan bakin teku sun dogara ga dabbobin da ake korowa daga Sahel. A bayan shanu da tumaki sai ga makiyaya, da dillalai, da mahauta.

Daga baya hukuma da kanta ta faɗaɗa hanyar. Wajen 1953 Faransawa suka shirya a riƙa kwaso gyaɗar Nijar a mota zuwa Paraku, jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano, maimakon ta bi ta Kano da Ikko. A 1959 Dahome da Nijar suka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwa, wadda aka sani daga baya da sunan OCBN. A 1965 aka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi, aka bar tsohuwar gada. Da aka fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, shi ma ta nan ya bi. Kwatano ta zama ƙofar Nijar zuwa teku. Sa'an nan fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya koro waɗanda ba su taɓa tunanin ganin teku ba, har da Buzaye da Fulanin da dabbobinsu suka ƙare.

Ƙidaya ta nuna yadda garin ya kumbura. A farkon shekarun 1960 mutanen Kwatano ba su kai 80,000 ba. A 1979 sun haura 320,000, a 1992 kuwa sun haura 530,000. Yawancin sababbin zuwa daga ƙauyukan kudancin ƙasar suke. Mutanen Zongo kashi ne kaɗan a cikinsu, su ma kuwa ba iri ɗaya ba ne: akwai Hausawa, da Zabarmawa, da Dandawan Jugu da Kandi, da Bargawa, da Fulani, da mutanen Gawo ta Mali. Waɗansu 'yan ƙasa ne, waɗansu baƙi ne, amma ga mutumin kudu dukansu mutanen Zongo ne.

Gidan haya

Faransawa sun yanka Kwatano da tituna miƙaƙƙu, kamar gidajen dara. Turawa da kantunansu suka zauna kusa da teku, inda iska take kaɗawa, unguwannin baƙar fata suka koma baya, wajen fadama. An rarraba ƙasar fili fili, kowanne da lambarsa, ana kiransa carré. Yawanci fili yakan kai kamar mita 20 a faɗi, 25 a tsawo. Wanda aka ba, takardar izinin zama aka ba shi, ba ta mallaka ba, ƙasar tana nan ta hukuma. Dokar da Dahome ta yi a 1960 ma ta bar wannan tsari. Wanda ya zo da wuri, ko yake da kuɗi, ko ya san wani, ya sami fili. Wanda ya zo daga baya sai haya.

Ginin ma da wuya. A gida, talaka yana iya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, 'yan'uwa su taya shi ya ta da ɗaki ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba. Kwatano kuwa rairayi ce, ba ta ginuwa. Ko dai mutum ya sayi siminti, ko ya kafa ɗakin gwangwala ya rufa da ciyawa ko kwano. Tsofaffin unguwannin talakawa da gwangwala aka fara su, gobara kuwa ba ta da wuyar cinye su. Mai fili in ya sami kuɗi sai ya jera ɗakunan bulo a jikin katanga, ƙofofinsu duka suna duban tsakar gida ɗaya. Rijiya ɗaya, makewayi ɗaya, masai ɗaya. Ɗaki guda shi ne mutanen garin suke kira entrer-coucher, wato shiga ka kwanta. Wanda ya fi ƙarfi ya kama ciki da falo.

Sunan nan, shiga ka kwanta, ya faɗi gaskiyar ɗakin. Ba a yi shi domin zama ba. Magidanci da matarsa da 'ya'yansu a ciki, da akwati da tukwane da kayan sana'a. Girki a bakin ƙofa, wanki a tsakar gida, baƙo a titi. Ga mutumin da ya tashi a gida mai zaure da shigifa, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure, zama a tsakar gida ɗaya da iyalai da yawa waɗanda ba dangi ba babban canji ne. Sai aka koma ga labule da zana da kau da ido. Faɗan layin masai da safe, da na kuɗin kwashe shi, da na yara, abin yau da kullum ne. Amma a tsakar gidan nan ne kuma ake karɓar haihuwa, a ba da aron gishiri, a riƙe wa maƙwabciya yaro.

'Yan cin rani marasa aure kuwa sukan haɗu su da yawa su kama ɗaki ɗaya, yawanci 'yan gari ɗaya. Mai gadi yana kwana da rana a tabarmar da ɗan dako ya tashi a kai da asuba. Wanda bai sami ko wannan ba ya kwana a barandar kanti, ko harabar masallaci, ko a kan kayan da yake tsaro.

Ruwa ne babban abokin gāba. Garin yana kwance tsakanin tafki da teku, damina kuma biyu ce, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Ruwan ƙasa yana kusa ƙwarai. Haƙa kaɗan za ka sami rijiya, amma haka ma ramin masai yake isa ga ruwan nan, a fili ɗaya. In aka yi ruwa mai yawa a ƙananan unguwanni sai tsakar gida ta zama tafki, a ɗora gado a kan bulo, a jera duwatsu a bi ta kai. Sauro ba ya yankewa. Tun da kwalara ta shigo Afirka ta Yamma a 1970 ta riƙa komowa irin waɗannan wurare. A ambaliyar 2010, wadda ta shafi gundumomi 55 cikin 77 na ƙasar, Kwatano na cikin wuraren da suka sha wuya.

Duk da haka ɗakin ba shi da araha. Da mutane suka yi yawa, masu gidaje suka riƙa neman kuɗin watanni da yawa kafin a shiga, dillalin gida kuma ya karɓi nasa. Sai a 2018 majalisar ƙasar ta yi dokar haya da ta tsayar da kuɗin ajiya a kan hayar wata uku. To, me ya sa talaka bai koma bayan gari inda ɗaki yake da sauƙi ba? Domin abincinsa yana tsakiyar gari, tsakanin tasha da kasuwa da bakin ruwa. Mai neman aikin yini dole ya kasance a wurin kafin gari ya waye.

Mai gida

Yaya baƙon da ya sauka ba ya jin Faransanci, ba ya jin Fon, ba shi da ko sisi, yake rayuwa? Amsar tana wurin mai gida, magajin mai masaukin ayari. Masana biyu sun bayyana aikinsa filla-filla a garuruwan da suke maƙwabtaka: Abner Cohen a unguwar Sabo ta Badun, cikin littafinsa na 1969, da Michel Agier a Zongon Lome, cikin nasa na 1983. Tsari ɗaya ne a zangunan bakin teku. Baƙo yana sauka da sunan wani a bakinsa. Mai gida ya ba shi wurin kwana da tuwon dare. In ya kawo dabbobi ko albasa, mai gida ya haɗa shi da mai saye. Da yake yawancin cinikin shanu bashi ne, mai gida shi ne yake lamunce wa mahauci, in mahaucin ya gudu shi zai biya. In kuwa baƙon hannu rabbana ya zo, sai a ba shi tire da 'yan kaya ya zaga da su, ko a kai shi wurin mai neman gadi.

Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, mai gida kuwa shi ne ɗan garin baƙi. Wannan tsari ya yi aikin da hukuma ba ta yi ba. Shi ne banki, shi ne ofishin neman aiki, shi ne kotun sulhu. In wani ya rasu, 'yan garinsu su haɗa kuɗin likkafani, su aika da labari gida. In an kama wani ba takarda, mai gida ne zai je ya karɓo shi.

Amma kada mu yi masa kwalliyar da ta wuce kima. Yaron mai gida ba shi da albashi tsayayye, sai abin da aka ga dama aka ba shi. Kuɗin da ya tara ma sau da yawa a hannun mai gida yake ajiye. Ranar da suka ɓata, ya rasa ɗaki da aiki da mai tsaya masa gaba ɗaya, sauran masu gida kuma su ji labari. Waɗansu yara sun yi haƙuri shekara da shekaru, aka yi musu aure, aka ba su jari, su ma suka zama masu gida, har suka yi gini suka je Makka. Da yawa kuwa sun tsufa suna yaran wani.

Neman abinci

A zamanin mulkin Faransa ma'aikata iri biyu ne. Akwai masu takarda, kamar ma'aikatan reluwe da na gadar jiragen ruwa. Waɗannan suna da ƙungiya. Sun shiga babban yajin aikin reluwe na Afirka ta Yamma ta Faransa, daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948. Dokar ƙwadago ta 1952 ta tsayar wa masu albashi sa'o'in aiki da hutu. Yawancin mutanen Zongo kuwa suna cikin iri na biyu, marasa takarda, waɗanda ba su yi makarantar Faransa ba, doka kuma ba ta san da aikinsu ba.

Ga irin sana'o'insu: dako a tasha da kasuwa, tura amalanke, gadin kantuna da gidajen manya, fawa, ga-ruwa, wanzanci, yankan farce, gyaran takalmi, koli, canjin kuɗi, sayar da maganin gargajiya, ɗinkin hula da aikin wuyan riga. Mai shayi da burodi yana kafa teburinsa tun da asuba. Da yamma mai tsire ya hura wuta, mutanen ƙasar suna kiran namansa cacanga, ba sa kuma neman na kowa sai na mutumin arewa. In Babbar Salla ta gabato sai raguna su cika unguwa, kowa ya zama dillali na 'yan kwanaki. Kasuwar Dantokpa, da aka kafa a bakin ruwa a 1963, ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ta kuma ba dubban mutane aikin yini.

Mata ne suka riƙe cikin unguwar. Inda maza da yawa suke zaune ba iyali, dole a sayi abinci. Tuwo, da waina, da ƙosai, da koko, da fura, daga tsakar gidajen haya suke fitowa, 'yan mata suna talla. Abin da talla ta kawo shi ne yakan cike giɓin cefane ya kuma haɗa kayan ɗaki, amma shi ne kuma ya hana 'yan mata da yawa zuwa makaranta.

Wanda yake samun kuɗi kaɗan kaɗan, a ɗakin da mutum biyar suke kwana, ina zai ajiye? Sai adashi. Akwai kuma masu zagayawa kowace rana da kati mai gidaje na kwanakin wata, suna karɓar abin da mutum ya yi alkawari. A ƙarshen wata su mayar masa da kuɗinsa, su riƙe zubin kwana ɗaya ladan ajiya. Wato talaka biya yake yi domin a ajiye masa kuɗinsa. Abin da ya taru kuma ba ya zama a Kwatano. Ana ba direba ko ɗan gari mai komawa ya kai gida, domin haraji, da hatsi, da sa na noma. Wannan ma yana cikin abin da ya sa mai cin rani bai gyara zamansa ba. Shekara ashirin yana cewa baɗi zai koma.

Sa'ad da manya suka ɓata

Mutumin da abincinsa yake kan hanya, siyasar ƙasashe tana shiga har cikin tukunyarsa. A watan Disamba 1963 Nijar da Dahome suka yi rikici a kan tsibirin Lete na kogin Kwara. Gwamnatin Diori Hamani ta kori 'yan Dahome da suke aiki a Nijar, Dahome kuma ta tsare kayan Nijar. Sai a 2005 kotun duniya ta yanke cewa tsibirin na Nijar ne. A 1969 Gana ta kori baƙi marasa takarda, a 1983 Nijeriya ta yi haka, ɗimbin mutane suka ratsa ta Kwatano da kayansu a ka. Daga 1984 zuwa 1986 Nijeriya ta rufe iyakokinta, ta sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanville, matafiya suka koma hayewa a kwalekwale. Kowane rufewa, attajiri yana da abin da zai ci kafin a buɗe. Ɗan dako ba shi da shi.

A cikin gida ma an sha wuya. Janar Mathieu Kérékou, wanda ya karɓi mulki a 1972, ya sake wa ƙasar suna zuwa Benin a 1975. Har yau ɗaya daga cikin sassan unguwar ana kiransa Zongo Ehuzu, kalmar juyin juya hali ta wancan zamani, ɗayan kuma Zongo Nima. A ƙarshen shekarun 1980 bankunan gwamnati suka durƙushe, ma'aikata suka yi watanni ba albashi. In ma'aikaci bai karɓa ba, mai nama da mai gadi da mai wanki ba za su karɓa ba. A lokacin nan ne acaɓa, wanda suke kira zemijan, ya cika garin. Babban taron ƙasa na Fabrairu 1990, wanda Bishop Isidore de Souza ya shugabanta, ya kawo canjin mulki cikin salama. Amma a Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada.

Akwai kuma tsoron rusau. Mutanen Kwatano sun ga abin da ya faru da 'yan'uwansu a Togo, inda a 1977 aka rushe Zongon Lome da ke tsakiyar gari, aka kwashe mazaunanta zuwa bayan gari wajen arewa. Zongon Kwatano ba a tashe ta haka ba. Amma a farkon 2017 hukuma ta rushe rumfuna da tebura da shagunan da suke bakin manyan tituna a birnin. Titi ya yi fes. Mai shayi da mai gyaran takalmi, waɗanda bakin titin ne kantinsu, su suka biya kuɗin tsabtar.

Abin da za mu riƙe

Mutanen Zongo ba rashin aiki ne ya talauta su ba, gama ba wanda ya riga su tashi. Abin da suka rasa shi ne wurin kafa ƙafa: fili da sunansu, aiki da takarda, hanyar da ba a rufewa. Waɗanda suka sami fili tun da wuri, zuriyarsu sun zama 'yan gari sosai, 'yan ƙasar Benin ne, suna jin Fon da Faransanci da Hausa, a cikinsu akwai 'yan kasuwa da malamai da ma'aikata. Waɗanda ba su samu ba suka gaji tabarmar haya. Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya tafi. Hukumomi da masu gidaje, har da baƙin kansu, sun yi lissafi a kan haka, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin gyara masai ko magudanar ruwa domin mutumin da ake cewa gobe zai wuce.

Labarin nan ba na nesa ba ne. Sa'ad da Hausawa suke kafa zanguna a kudu, a 1913 aka keɓe Sabon Gari a Kano domin baƙin da suka zo daga kudu, da irin filayensu masu lamba da ɗakuna a jere. Da yawa daga cikin masu karanta wannan sun san zaman haya a Sabon Gari ko Tudun Wada, sun san yadda ake kwana da shiri in gari ya rikice. Waɗansunmu kuma yanzu su ne masu gida, suna da ɗakuna a bayan gida, da mai gadi a ƙofa wanda ya fito daga Tawa ko Doso. Ya kamata mu san sunan garinsu, mu san ko mutum nawa ne suke jiran abin da zai aika, mu kuma leƙa ɗakin da muka ba shi tun damina ba ta sauka ba.